Telan da Muka Ɓoye a Bayan Katako

Shagon ɗinkinmu yana Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke cewa Birik, a kan wata gangara, tsakanin mai sayar da turare da mai gyaran wayoyi. Mahaifinmu ne ya buɗe shi, kuma kayan maza yake ɗinkawa: gandura, kaftani, jamfa, wando. Da ya rasu ya bar mana shi ni da Yayana, da kekunan ɗinki, da teburin yanka, da wani dattijo mai yanka wanda ya girme teburin. Ni da Yaya mun iya taka keke, amma yanka ba namu ba ne. Wanda ya san sana'ar ya san a bakin almakashi riga take mutuwa ko ta rayu. Mai keke bin sawu kawai yake yi.

Shekarar da nake ba da labari, azumi ya ƙarato, shadda ta fara taruwa a kan kanta, sai dattijon nan ya naɗe almakashinsa ya ce idonsa ya gaji, zai koma Garwa wajen 'ya'yansa. Muka roƙa, muka haɗa shi da darajar mahaifinmu, ya ce ko mahaifinmu ne ya dawo ba zai ga alli a kan baƙar shadda da idon wani ba. Muka raka shi tashar jirgin ƙasa, muka dawo muka zauna muna kallon teburin.

A nan gardama ta tashi tsakanina da Yaya, kuma har yau ba ta kwanta ba.

Yaya ya ce, "Hali ake ɗauka. Aiki koyonsa ake yi. Ka kawo mini mai kirki, in mai da shi tela. Amma mugun hali ko a turmi ka daka shi ba ya fita."

Na ce, "Yaya, fara'a ba ta yanka shadda. Mutum ya kawo yadinsa mai tsada, ka lalata masa, sai ka yi masa murmushi ya sa ya tafi Idi?"

Da muka gaji, Yaya ya kawo dabara. Duk wanda ya zo neman aikin za a gwada hannunsa da halinsa lokaci guda. Za a ba shi yadi ya yanka ya ɗinka, kuma wanda zai ɗinka wa zai zama mutumin da ya fi kowa wuyar sha'ani a Birik. Ba mu sha wahalar nema ba. Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, mai tumbi, mai murya kamar ƙahon motarsa. Muka ce masa ya zo ya yi kamar baƙo mai kawo ɗinki, ya yi ta faɗa. Ya ce ba sai ya yi kamar ba.

Masu nema suka yi ta zuwa. Wani ashe wanzami ne, ya ji an ce ana neman mai almakashi. Wani Kawu ya daka masa tsawa ɗaya ya fita a guje, sai da yamma ya aiko a ɗaukar masa takalmansa. Wani kuma ya rama, Kawu ya manta wasa ake yi, sai da mai turare da mai gyaran waya suka shigo rabiya. A ƙarshe mutum biyu suka rage.

Na farko gajere ne, ɗan Marwa, fuskarsa kamar ta wanda aka taka wa ƙafa a sahun sallah bai huce ba. Ya yi sallama a ciki-ciki, muka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya warware wani ƙyalle ya fito da almakashinsa, don ya ce ba ya taɓa na mutane. Kawu ya wurga shadda a kan tebur ya ce, "Kai ne telan? Ban ga alama ba."

Mutumin bai ko ɗauki igiyar awo ba. Ya zagaya Kawu kamar mai tayin ragon layya, sannan ya ce, "Kafaɗarka ta hagu ta fi ta dama tashi. Tuƙi ka yi da gwiwar hannu a taga. Cikinka kuma ba naka kai kaɗai ba ne, akwai rabon wasu a ciki. Wannan rigar ta jikinka, wanda ya ɗinka ta ya je ya nemi gafarar Allah."

Ni na ɗinka rigar. Na sunkuyar da kai ina gyara zare.

Mutumin kuwa ya riga ya shimfiɗa shaddar, ya ja alli nan da can, almakashi ya kama tafiya kamar ya san hanya. Kafin la'asar kaftani ya tashi. Kawu ya sa ya tsaya gaban madubi, sai ga tumbin ya zama kwarjini, kafaɗun sun daidaita, kai ka ce minista ne ya ɓata hanya ya shigo Birik. Ya daɗe yana jujjuyawa. Sannan ya ce, "Riga ta yi. Shi kuwa ku fitar mini da shi kafin in yi kisan kai."

Na biyu washegari ya zo. Dogo ne, ɗan Ngaundere, yana zaune a unguwar Madagascar wajen ɗan'uwansa. Tun daga bakin ƙofa ya fara gaisuwa. Ya gai da mu da Hausa, ya gai da mai turare da Fulatanci, ya gai da mai gyaran waya da Pidgin, har wata mata da ta tsaya fakewa daga ruwan sama ya tambaye ta gida da Faransanci. Kawu ya shigo da faɗansa, sai dogon ya ja masa kujera ya kakkaɓe ta da hularsa.

Kawu ya ce, "Kai da gani ba ka san komai ba."

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. A gaban manya wa ya san wani abu?"

Kawu ya ƙara zagi, dogon ya ƙara gaskata shi. Ya ce masa raggo, ya ce Allah ya saka da alheri da wannan nasiha. Zagi ya ƙare wa Kawu, abin da ban taɓa gani ba. Da ya rasa abin faɗa sai ya shiga ba shi labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangaren dutsen Ngaundere, labarin da mu muke gudu tun muna yara. Dogon ya ajiye komai ya zuba masa ido. Da Kawu ya kai ƙarshe, sai ya ce, "Baba, don Allah koma wajen kwanar nan, ban ƙoshi ba." Kawu ya share ƙwalla ya koma kwanar.

Rigar da ya ɗinka kuwa, ban san sunan da zan ba ta ba. Hannu ɗaya ya wuce yatsu, ɗayan ya tsaya a gwiwa. Aljihu yana baya, ta ciki. Wuyan kuma ko kan kyanwa ba zai wuce ba. Kawu ya zura kai ya maƙale, muka kama muna ja, shi kuma daga cikin shaddar muna jin muryarsa yana cewa, "Kada wanda ya ga laifin bawan Allah nan. Kaina ne babba."

Yaya ya ce dogon za a ɗauka. Na ce gajeren. Muka kai ƙara wajen Inna, mahaifiyarmu, muka same ta tana yanka kuɓewa a tsakar gida. Ta saurare mu har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta ce, "Ubanku lokacin da ya zo neman aurena bai iya ɗinki ba, fara'a kuma ba shi da ita. Ga ku nan. Ku matsa mini daga haske."

Kawu ne ya raba gardamar. Ya ce, "A babbar mota akwai direba, akwai inji. Kun taɓa ganin wanda ya tsaya gaisawa da inji? Ku ɗauke su duka. Ku rufe ɗaya."

Haka muka yi. Muka kira kafinta ya raba shagon biyu da katako, teburin yanka ya koma ciki, da ƙofarsa ta baya ta lungu. Da yake gajeren ba ya awo sai da ido, kafintan ya huda masa rami kamar bakin kofin shayi, daidai tsayinsa. Shi gajeren bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce tun da yake aiki ba a taɓa mutunta shi irin haka ba, an raba shi da ganin mutane gaba ɗayansu.

Tsarin ya zama haka. Mai kawo ɗinki ya shigo, dogon ya tarbe shi, ya tambayi iyali da kasuwa da ciwon ƙafar da aka yi bara. Ya rataya igiyar awo a wuya, ya zagaya mutum da ita yana kiran lambobi da Faransanci, lambobin da ba wanda yake saurara. Sannan ya ce, "Ɗan juyo nan, Alhaji, haske ya fi kyau," ya tsai da shi daidai ramin. Ido ya leƙo, ya gani, ya koma. Sai ka ji almakashi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne katako yana tare fuska, ba ya tare murya. Gajeren ba ya iya ganin mutum bai faɗi abin da ya gani ba. Wata rana wani babban ma'aikacin ofis daga unguwar Tsinga, mutumin arewa, yana tsaye an ɗaga masa hannuwa, sai murya ta fito daga bango: "Ƙafafunsa kamar baka. A ƙara wa wandon faɗi, ko akuya ta bi ta tsakiya."

Mutumin ya waiwaya. "Wa ya yi magana?"

Dogon bai ko ƙifta ido ba. Ya nuna rediyon da ke kan kanta ya ce, "Wasan kwaikwayo suke yi, ranka ya daɗe."

Mutumin ya dubi rediyon, ya dubi ƙafafunsa, ya ce, "Wace tasha ce wannan?"

Daga ranar muka riƙa barin rediyon a kunne da ƙarfi, dogon kuma ya koyi tari daidai lokacin da ya ji gajeren ya ja numfashi. Baƙi daga nesa ba su gane ba. Amma Birik ba a ɓoye mata komai. Kafin tsakiyar azumi kowa ya san akwai mutum a bayan katako, kuma maimakon su gudu sai suka riƙa zuwa. Mai turare yakan jawo kujerarsa bakin ƙofarmu ya zauna sauraro. Mutum yakan sayi yadi ya jawo abokinsa ko mijin ƙanwarsa, ya ce zai yi masa kyautar riga, alhali so yake a faɗa masa abin da shi ya kasa faɗa. Su da kansu suke cewa a rage rediyon.

Akwai wani Alhaji mai shagunan atamfa a kasuwar Mokolo da ya zo, aka tsai da shi gaban rami, ido ya leƙo ya koma, shiru. Alhajin ya jira. Ya gyara tsayuwa ya ƙara jira. Can ya ce da ƙarfi, "To ni ba za a ce komai ba?"

Muryar ta ce, "Babu abin gyara. Babu kuma abin kallo."

Alhajin ya fita yana dariya, ya je yana ba da labari a kasuwa kamar an ba shi sarauta.

A tsakanin nan kowannenmu ya gwada nasa ra'ayin. Yaya ya zaunar da dogon a kan keke kullum bayan sallar asuba, ya zana masa miƙaƙƙen layi a kan ƙyalle ya ce ya bi. Dogon yakan bi da zuciya ɗaya, layin kuma ya tafi inda ya ga dama. In allura ta karye sai ya ba keken haƙuri. Ni kuma, don kada a ce na ƙi gyara, na ɗauki nauyin koya wa gajeren murmushi. Ya yi ƙoƙari sau ɗaya, don Allah, a gaban mai kawo mana zare. Mutumin ya dafa shi ya ce akwai mai cire haƙori a unguwar Ekoudou da ba ya tsada.

Su biyun kuwa wani irin zama suke yi. Gajeren yana zagin dogon daga safe har yamma ta cikin katako, dogon yana cewa, "Gaskiya ne, Malam." In an sha ruwa, dogon yakan miƙa masa dabino ta ramin, ɗaya bayan ɗaya, hannu ya karɓa ba godiya. Amma na lura in dogon ya fita aike, almakashin yakan yi sanyi har ya dawo.

Sallah ta zo ta wuce, rigunanmu suka yi suna a filin Idi. Sunan kuwa kan dogon ya sauka, tunda shi baƙi suke gani da igiyar awo. Bayan 'yan makonni wata Madam mai babban shagon ɗinki a Tsinga, mai gilashi da na'urar sanyi, wadda manyan gari suke ɗinki a wajenta, ta tsai da motarta a ƙofarmu ta ce tana son magana da gwanin.

Dogon ya ce mata, "Madam, wallahi ban iya ɗinki ba. Ko layi ba na iya miƙewa."

Ta juyo wajenmu ta dafa ƙirji, ta ce da Faransanci a rayuwarta ba ta taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Ya sake rantsuwa, ta sake sha'awarsa. Ya nuna mata katakon ya ce mai aikin yana ciki. Ta leƙa ramin, muryar ta ce, "Matsa, kin tare mini haske," dogon ya yi tari saboda sabo, ita kuma ta ɗauka wani ma'aikacin guga ne mara tarbiyya. Ta ce wa dogon mutum irinsa bai dace da zama da irin waɗannan ba.

A nan halin da Yaya yake yabo ya juyo ya cije mu. Dogon bai iya cewa a'a ba. Bai taɓa faɗa wa ɗan Adam ita ba. Madam ta ce ya zo ranar Litinin, ya ce to. Da ta tafi ya durƙusa a gabanmu yana kuka, ya ce mu yafe masa, ya rasa yadda zai ɓata mata rai. Yaya ya ce, "To mu fa?" Ya ce mu ma ba ya son ɓata mana, amma ita ta riga tambaya.

Ya tafi. Muka zata yanzu gajeren zai cinye mana masu kawo ɗinki ɗanye, tunda ba mai tari. Sai akasin haka ya faru. Ya yi shiru. Mutum ya tsaya gaban rami, ido ya leƙo, ba kalma. Masu zuwa sauraro suka daina zuwa, mai turare ya mai da kujerarsa. Sannan muka lura kullum bayan azahar yakan fita ta ƙofar lungu, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, takalmansa duk jar laka.

Wata rana na kai wa wani kayansa Tsinga, na biyo ta bayan shagon Madam don in yanke hanya. Sai ga gajeren a tsugune a lungu, kusa da bututun na'urar sanyi da ke ɗiga, ya shimfiɗa shadda mai tsada a kan kwali yana yanka. Dogon yana tsaye a taga yana kwatanta masa mutumin da ke ciki da hannu: nan tudu, nan kwari.

Na ce, "Malam, me nake gani?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba don shi nake yi ba. Shaddar nake tausayi. Ba ta yi wa kowa laifi ba."

Dogon ya ce daga taga, "Gaskiya ne, Malam."

Ban kai ga yanke shawarar abin da zan faɗa wa Yaya ba, Madam ta riga ni. A makon nan ta kama su. Da ta fahimci waye mai hannun, sai ta ce to shi ma ya shigo ciki, ta ɗauke shi. Ya shiga, ya zagaya shagon, ya faɗa mata ra'ayinsa a kan rigunan da ta rataye a gilashi, da telolinta, da rigar da ke jikinta. Dogon ya yi ta tari har ya shaƙe, amma ɗakin ba rediyo. Ta kore su tare.

Mun ɗauka za su dawo mana. Suka zo kuwa, amma sallama suka zo yi. Sun sami ɗan shago a Ekoudou, za su buɗe nasu. Dogon ya rungume Yaya, ya rungume ni, ya shiga ya yi ban kwana da mai turare da mai gyaran waya, ya aika gaisuwa ga Inna da Kawu. Gajeren ya tsaya a waje yana kallon allon shagonmu, ya ce a karkace yake tun ranar da ya zo. Bayan sun tafi na shiga bayan katako, na tarar ya wasa mana almakasanmu duka, ya shafa musu mai, ya jera su a kan tebur daga babba zuwa ƙarami.

Yaya ya ce wannan ya nuna shi ne da gaskiya, tunda ba don halin dogon ba da ba wanda zai zauna da gajeren. Na ce ni ne da gaskiya, tunda ba don hannun gajeren ba da dogon yana kurkuku saboda shaddar mutane. Muka yi ta yi har mai gyaran waya ya buga bango.

Babbar Sallah kuma ta matso, shadda ta sake taruwa. Muka ce a faɗa a unguwa ana neman mai yanka. Wannan karon mutum ɗaya ya zo, matsakaici a tsayi, da jaka a kafaɗa, ya yi sallama ya zauna.

Yaya ya ce, "Ka iya aiki?"

Ya ce, "Daidai gwargwado."

Na ce, "Halinka fa?"

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Shi ma haka."

Ni da Yaya muka dubi juna. Yaya ya ce, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Aka sayo masa shinkafa da wake, ya ci, ya wanke hannu, ya tambayi inda alli yake. Yana nan tare da mu har yanzu, ya yi aure a unguwar, kuma jiya ma shi ya rufe shago.